Darasi: Mu reni ƴaƴan kwaɗo

Ƴan uwa manoma, ga damina ta sauka. Da dare kwaɗi sun cika fadamun Gaya da Tara da kuka. Kar mu raina su. Kwaɗo yana cin fara da tsutsa da sauran ƙwarin da ke ɓarna a gonar shinkafa.

Amma a tsallaken kogi, wajen Malanbil ta ƙasar Benin, ana kama burduddugi da yawa. Ana busar da su, a kai kasuwannin kudancin Najeriya. Maganin ƙwari kuma yana kashe ƴaƴansu cikin ruwa. In kwaɗo ya ƙare, ƙwari sun samu gona.

Gani ya kori ji. Ga aikin da za mu yi a makarantarmu:

1. A samu babban kasko wanda sabulu bai taɓa ba. A zuba ruwan sama ko na tabki. A ajiye shi a inuwa.
2. A ɗebo ƴaƴan kwaɗo 10, masu wutsiya kamar kifi. Su zama girma ɗaya, don ƴaƴan burduddugi suna cin na ƙasa da su.
3. A ba su gansakuka da dafaffen ganyen alayyafo, kaɗan kaɗan.
4. Kowane kwana 2 a kwashe rabin ruwan, a zuba sabo.
5. Ƙafafun baya ke fara fitowa, sannan na gaba. Daga nan sai su daina cin abinci, wutsiya ta riƙa shigewa. A sa musu dutse su hau. In ba haka ba, ruwa zai ci su.
6. Da wutsiya ta ɓace, a mayar da su inda aka ɗebo su.

Kowa ya rubuta ranar da ya ga ƙafa ta farko.

A ƙasar Kolombiya akwai ƙananan kwaɗi masu launi, masu dafi a fata. Maharba na shafa dafin a kibiya. Uban ke goya ƴaƴan a baya, ya kai su ruwa. Waɗanda aka rena a gida ba su da dafi, don daga ƙwarin daji suke samun shi.

Tambayoyi:
Mene ne amfanin kwaɗo ga manomi?
Don me ake sa dutse cikin kasko?