Duban Ƙwaƙwalwar Jinjiri Ta Maɗiga

Kowa ya san maɗiga, watau wurin nan mai taushi a tsakar kan jinjiri inda ƙashi bai haɗe ba tukuna. To, ta nan ne likita ke leƙa ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga ba.

Na'urar ita ce wadda ake duba masu juna biyu da ita, jama'a na ce mata sikanin. Wani likita, Ian Donald, ya bayyana amfaninta a birnin Gilasgo cikin 1958. Takan aika da sauti siriri wanda kunne ba ya ji. In ya bugi abu sai ya komo kamar amsa-kuwwa, ita kuwa ta mai da shi hoto. Ƙashi yakan tare sautin, amma maɗiga ba ta tarewa. Ba zafi, ba allura, ana iya yi ko jinjiri na barci.

Abin da aka fi nema shi ne jini da ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa, musamman ga bakwaini, da kuma ruwan da kan taru ya kumbura kai.

Sai dai ƙofar ba ta daɗewa, gama yawanci maɗiga kan rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Saboda haka lalle hakimai su sa malamansu su sanar da dagatai da ungozomai: in maɗiga ta tasa, ko kai yana girma fiye da ƙima, ko jinjiri yana jijjiga, kada a tsaya shafe-shafe. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, gaba kaɗan da Samaru.