Rana Ta Hana Ni Ganin Allon Kyamarata

Ni malamin gona ne, ina zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Kafur. Da damina nakan ɗauki hoton ɓarnar tsutsar masara in haɗa da rahoto. Ina da 'yar ƙaramar kyamara ta gwanjo, amma da zarar rana ta take, sai allon bayanta ya koma madubi, fuskata kawai nake gani. In danna da ka, in dawo gida in tarar da hoton kunya da takalmina. Wani mai hoto a Funtuwa ya ce in sayi irin mai 'yar tagar leƙe a sama. In bi maganarsa?

Wani malamin gona, Malumfashi

Kyamararka lafiya lau take. Fitila ce 'yar mitsitsiya ke haska allon daga ciki, kuma ba ta isa ta ja da ranar azahar ba.

Maganar mai hoto gaskiya ce, amma bai san irin aikinka ba. Tagar leƙe iri biyu ce. Ta farko gilashi ne zalla, kamar na Canon PowerShot A1400 ta shekarar 2013, mai cin batir AA biyu, wanda ko a kantin ƙauye ana samu. Rana ba ta dame ta ba. Matsalarta ita ce tana zaune gefe da idon kyamarar, ba ta cikinsa take kallo ba. In faɗin gona za ka ɗauka, ko taron manoma a gindin bishiya, bambancin ba ya fitowa. Amma ka matso da ita taƙi ɗaya daga kan masara: a taga tsutsa tana tsakiya, a hoto ta zame gefe ko ta fice. Kai kuwa alamar da ke kan tsutsar nan, tsutsar da ta bayyana a Najeriya a 2016, ita ake so a gani.

Ta biyun ƙaramin allo ne a ɓoye cikin tagar, yana nuna ainihin abin da idon kyamara ya gani, kuma fuskarka ta tare masa rana. Panasonic Lumix TZ60 da Sony RX100 III, duk na 2014, suna da shi. Ta Sony tsadarta sai mai hali. In za ka saya a Kano, kada ka gwada a cikin shago. Fito da ita bakin titi ka leƙa.

Ni dai da ni ne, ba zan taɓa aljihu ba tukuna. Ƙure hasken allon daga saiti, ka tanadi batir na biyu don zai riƙa shanyewa da wuri. Goge maiƙon yatsa da ƙyalle mai laushi. Juya wa rana baya, ka kifa malfarka a kan kyamarar. In ka samu hali, ka shiga gona da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi.