Tsohuwar Giyar Sojojin Ruwa: Darasi Kan Hanci, Harshe Da Sinadarai

A ranar 31 ga watan Yuli na 1970 ne rundunar sojojin ruwa ta Birtaniya ta daina wata al'ada da ta daɗe tana yi, wato raba wa ma'aikatan jiragenta awon giya a kowace rana. Wannan giya ita ce ake kira ram, kuma sunanta ba shi da wata alaƙa da Bahar Rum. Ragowar da ba a raba ba an adana ta cikin tulunan yumɓu, kuma a 2010 aka ɗura wani kaso daga ciki a kwalabe, aka sayar da tsada da sunan Black Tot. Masu ɗanɗano sun ce sun ji ƙanshin ayaba, da baƙin sukari, da hayaƙi, da fata a cikinta, alhali ba a zuba mata ko ɗaya daga cikin ayaba ko fata ba. To, daga ina ƙanshin ya fito? Amsar ba ta bukatar mai karatu ya kai ko ɗigo ɗaya bakinsa. Darasi ne na kimiyyar sinadarai da ta jikin ɗan'adam.

Daga Rake Zuwa Ganga

Asalin ram rake ne, irin wanda muke yin mazarƙwaila da shi. A tsibiran Karibiyan, inda bayin da aka kwaso daga Afirka suka noma rake shekaru aru-aru, idan an fitar da sukari sai a bar wani baƙin ruwa mai kauri da ake kira molasis. Akan sirka shi da ruwa a zuba masa yis, wato ƙwayar halittar nan da ke kumbura burodi. Yis yana cin sukarin, ya fitar da barasa da iskar kabon-dayokzaid. Daga nan sai a dafa ruwan a tara tururinsa. Da yake barasa na tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa sai a digiri 100, tururin farko ya fi ƙunsar barasa.

Tun a wannan mataki ake samun wasu sinadarai masu ƙanshi da ake kira esta, waɗanda ke samuwa idan barasa ta haɗu da asid. Ɗaya daga cikinsu shi ne ainihin sinadarin da ke ba nunanniyar ayaba ƙanshinta, wani kuma yana ƙanshin abarba. Ashe ke nan mai ɗanɗano bai yi ƙarya ba: sinadarin da hancinsa ya ji yana cikin ayaba, yana kuma cikin giyar.

Aikin Itace Da Lokaci

Sabuwar ram fara ce tas kamar ruwa. Sai an zuba ta cikin gangar itacen ok, wadda aka babbake cikinta da wuta, take sauya kama. Zafin rana yana tura ruwan cikin ƙofofin itacen, sanyin dare ya dawo da shi, ya taho da launi da sinadarai. Daga cikinsu akwai banilin mai ƙanshin zaƙi, da tanin mai bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Iskar oksijin da ke kutsawa ta jikin ganga tana tausasa kaifin giyar sannu a hankali. Wani kaso kuma yana tsiyayewa cikin iska: kusan kashi 2 cikin 100 a shekara a ƙasa mai sanyi kamar Sikotland, amma ninkin haka sau uku ko fiye a Karibiyan. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsohuwar ram take da wuyar samu.

A lura da wani abu muhimmi. Tulun yumɓu mai rufin gilashi da kwalba ba sa ba da abin da itace ke bayarwa. Saboda haka shekaru 40 da ragowar ta yi a ajiye ba su ƙara mata tsufan ganga ba, adana ta kawai suka yi.

Ƙarfinta

An fara ba sojojin ram bayan da Ingila ta kama tsibirin Jamaika a 1655. A 1740 Admiral Edward Vernon ya ba da umurnin a riƙa sirka ta da ruwa saboda yawan maye a jirage. An ruwaito cewa a da akan jiƙa albarushi da giyar a kusanta masa wuta. Idan ya kama, to barasar ta kai wajen kashi 57 cikin 100. Daga baya rundunar ta tsayar da ƙarfin a kashi 54.5. An soke rabon ne a 1970 domin an ga maye ba ya tafiya tare da sarrafa na'urorin jiragen zamani. Ilmin likita ya ƙara hujja: tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Tsufa da tsada ba sa cire wannan illa.

Hanci Ne Gwani

Harshe iri biyar kaɗai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan irin na daddawa ko romon nama. Hanci kuwa yana da nau'o'in ƙwayoyin karɓar ƙanshi kusan 400, kuma binciken wannan tsari ne ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami lambar yabo ta Nobel a 2004. Ƙanshi na isa hanci ta hanya biyu: ta gaba idan an shaƙa, da ta bayan maƙogwaro idan abu yana cikin baki. Shi ya sa ƙwararren mai ɗanɗano yake amfani da kofin gilashi mai tsukakken baki da ke tara ƙanshi, ya daɗe yana sansanawa, ya ɗiga ruwa kaɗan don rage zafin barasa. Wannan zafi ba ɗanɗano ba ne, domin jijiyar da barkono ke tsokana ita ce barasa ke tsokana. Mai mura shaida ne: miya ta ji kayan ƙanshi, amma ya ce salam take.

Gwaji A Aji

Malami ya dama nunanniyar ayaba da gwanda daban-daban har su yi laushi ɗaya. A rufe wa ɗalibi ido, ya toshe hancinsa, a ba shi cokali guda ya faɗi abin da ya ci. Sannan ya saki hancin kafin ya haɗiye. A gwada ɗalibai 10, a rubuta nawa ne suka canka daidai a kowane hali, sa'annan a tattauna: mene ne harshe ya sanar da su, mene ne kuma sai da hanci ya buɗe suka gane?