Wa Ya Gicciye Yesu? Tsokaci a Kan "Aka", "Alhaki" da "Fansa"

Gabatarwa

Ni ɗan ƙabilar Bura ne, kuma a coci na fara koyon Hausa tun kafin in zo Jami'ar Maiduguri nazarinta. A cocinmu na EYN da Hausa ake wa'azi, kuma duk Juma'ar da ke gabanin Ista mukan ji mai wa'azi ya ce "aka gicciye shi". Sai da muka yi darasin zagin aikatau na lura cewa "aka" ba ya bayyana aikau. To, wa ya yi aikin? Musulmi dai, bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ba su yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga ra'ayoyin Kiristoci.

Masu Cike Gurbin "Aka"

Na farko Bilatus ne, gwamnan Romawa a Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa 36. Gicciyewa hukuncin Romawa ne, kuma shi ya ba da umarnin. Na biyu su ne manyan firistoci, irin su Kayafa, da suka kai ƙara, da Yahuza da ya ci amana. Wasu Kiristocin Turai sun faɗaɗa wannan har suka ɗora wa dukkan Yahudawa, abin da ya jawo musu tsangwama da kisa na ƙarnoni. A 1965 Cocin Katolika, cikin sanarwar Nostra Aetate, ta ce bai halatta a ɗora wa dukkan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba.

Na uku shi ne ɗan Adam gaba ɗaya. Kiristoci kan fassara Ishaya sura ta 53 da cewa zunuban mutane ne sanadi. Na huɗu, Yahaya 10:18 ta nuna Yesu da kansa ya miƙa ransa, Ayyukan Manzanni 2:23 kuma ta haɗa shirin Allah da hannun mutane.

Laifi, Alhaki da Fansa

A nan Hausa ta taimake ni. Laifi na wanda ya aikata ne, alhaki kuwa nauyi ne da ke bin mutum ko da bai ɗaga hannu ba. Don haka Kirista na iya cewa laifin shari'a na Bilatus da masu ƙara ne, amma alhakin na kowane mai zunubi ne, har da shi mai maganar. Ceto ya rataya a nan, domin wanda ya tura alhakin ga wata ƙabila ya cire kansa daga masu bukatar gafara.

Kalmar "fansa" ma tana bukatar lura. Markus 10:45 ta bayyana mutuwar Yesu a matsayin fansar mutane da yawa, wato irin fansar bawa. Bahaushen yau kuwa ya saba jin "kuɗin fansa" da "ɗaukar fansa". Wanda ya ɗauki ma'ana ta ƙarshe zai zaci ramuwa ake nufi, alhali 'yantarwa ce.

Kammalawa

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, kuma har yau masu wa'azi na zaɓar kalmomi a gaban jama'a. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, duk inda muka ga "an" ko "aka", mu tambayi wanda aka sakaya, kada kuma mu yi gaggawar cusa sunan wani a gurbin.