Ni Wa Ya Zo Mini Jaje?

Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a Gusau. Shugabarmu ta ce kowace Asabar mu riƙa kai hatsi da sabulu ga matan da suka gudo daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, masu kwana a kangwaye. Ta sa sunana ba ta ko tambaye ni ba.

Mama, ƙanena 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar Funtuwa. Filin gadonmu muka sayar don kuɗin fansa, suka ce a haɗa da babur, muka haɗa. Ya dawo, amma har yau ba ya barcin kirki. A lokacin, wa ya zo mini jaje? Wa ya kawo mini ko kwanon gero? Kuma kowa ya san masu kai wa 'yan bindiga rahoto daga ƙauyukan nan suke. In na durƙusa addu'a sai in ji zuciyata tana cewa in je, in na tashi sai ƙafa ta ƙi. Ni wa ya zo mini? Zunubi ne in na ce a cire sunana?

Wata 'yar'uwa, Gusau

AMSA

'Yata, sannu. Allah ya ba ƙanenki cikakkiyar lafiya.

Ba ki faɗi su wa kika jira ba su zo ba, amma na gane. Matan kango ba su san ƙofar gidanki ba. Fushinki yana kan waɗanda kike zama benci ɗaya da su ranar Lahadi. Kin kasa buɗe musu baki, sai kika sauke shi a kan wadda ko ƙyauren rufewa ba ta da shi.

Maganar rahoto kuwa, ki janye ta. Mutanen da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe gonarsu, waɗanda aka rufe wa kasuwannin mako aka yanke wa layin waya a Satumban 2021, su kike tuhuma? Mai cin kuɗin rahoto ba ya kwana a kango da 'ya'ya.

Ki sake karanta littafin Yunusa, sura huɗu ne kacal. Mutane suna tsayawa a kan kifin, ni kuwa sura ta ƙarshe ce ke damuna. Ba tsoron Nineba ne ya sa shi shiga jirgin Tarshish ba. Ya san Allah zai ji tausayinsu, shi kuma ba ya so. Daga baya da fushinsa ya tafi Nineba, kuma birnin ya tsira. To ke ma kada ki ce sai ranki ya yi sanyi, uzurin nan ya zaunar da Kiristoci da yawa.

Abu ɗaya nake ja wa Zumuntarku kunne a kai. Yawancin matan nan Musulmi ne, kada a mai da mudun masara ƙugiyar kama mutane. Ku ba su don yunwa suke ji.

Batun cire suna ba zan ɓata tawada a kansa ba. Kafin Asabar, ki sami shugabarku ke kaɗai, ki ce mata, "Mama, da aka ɗauke ƙanena ban gan ku ba, kuma ya yi mini zafi." Ki bari ta amsa. Ranar Asabar ki ɗauki sabulun ki bi su. Ba dole ki yi fara'a ba, ki dai tambayi mace ɗaya sunan ƙauyensu da wanda ta baro can.