CIWON KAI BAYAN MOTSA JIKI: DALILINSA DA MAGANINSA

Sau da yawa mutum yakan tashi lafiya lau, ya tafi filin ƙwallo, ko gona, ko kuwa ya hau keke ya yi tafiya mai nisa, amma kafin ya komo gida sai ya ji kansa yana sara kamar ana daka a ciki. Waɗansu sukan ce rana ce ta buge su, waɗansu kuma, musamman 'yan dambe da 'yan kokawa, sukan ɗora laifin a kan abokin karawa, su ce jifa aka yi musu. An rubuta wannan takarda domin jama'a su san ainihin abin da ke kawo wannan ciwo, su kuma iya rarrabe wanda hutawa ke warkarwa da wanda ba shi da magani sai a asibiti. Galibinsa ba abin tsoro ba ne. Amma akwai iri guda wanda yakan kashe mutum, kuma ana gane shi ne ta yadda ya fara.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Sa'ad da mutum ke aikin ƙarfi, zuciyarsa takan ƙara sauri, jini ya riƙa gudu da ƙarfi, jijiyoyin jini na kai su buɗe. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi, amma jijiyoyin da ke kewaye da ita da fatar da ta lulluɓe ta suna ji ƙwarai. Shi ya sa ciwon yakan zo da bugawa, yana bin bugun zuciya, a ɓangarori biyu na kai. Irin wannan yakan daɗe daga minti 5 har zuwa kwana 2, sa'an nan ya wuce da kansa. Wanda ya saba da ciwon ɓarin kai ya fi saurin kamuwa da shi.

A ƙasarmu babban mai tayar da shi shi ne zafi da ƙishirwa. Cikin watan Afrilu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma mai gudu ko mai huɗa a irin wannan lokaci yana iya zubar da gumi lita 1 ko 2 cikin awa guda. Gumi kuwa ruwa ne da gishiri, daga jini suke fita. In ba a mayar da su ba sai jini ya ragu, kai ya ɗauki ciwo, mutum ya ji jiri in ya miƙe tsaye. Lokacin hunturu ma haka abin yake, sai dai da yake iska a bushe take, gumin yakan bushe nan take, mutum ya zaci bai yi zufa ba alhali ya yi. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce duban fitsari. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, jiki yana da ruwa. In ya yi duhu kamar shayi, kuma kaɗan ne, to, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ke da sikeli kusa ya hau kafin wasa da bayansa: ko wane kilo guda da ya ragu, kusan lita guda ce ta ruwa ta fita.

Yunwa ma takan jawo shi, gama ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, kuma yaron da aka fitar wasan motsa jiki da safe bai karya kumallo ba, ba abin mamaki ba ne ya komo aji yana riƙe da kai. Ya kamata malaman makaranta su lura da wannan kafin su ce yaro lalaci yake yi.

Sai kuma yunƙuri. Ɗan dako da zai ɗaga buhun masara, ko saurayi mai ɗaga ƙarfe, yakan riƙe numfashi ya yi nishi. A wannan ɗan lokaci jini yakan taru a kai da ƙarfi, har jijiyar goshi ta fito fili. Mai ɗaukar kaya a ka kuwa, ko da ya sa gammo, naman wuyansa yakan ɗaure, ciwon ya taso daga ƙeya ya haura.

Rigakafi da magani

A sha ruwa tun kafin a fara, kamar kofi biyu awa biyu kafin wasa, sa'an nan a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan ana cikin yi. In aikin ya wuce awa guda cikin zafi, ruwa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da gishiri: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kunu ko fura da abinci mai ɗan gishiri su ma suna yi. Amma fa kada a wuce gona da iri, domin wanda ya ɗirki ruwa zalla da yawa bayan gumi mai yawa yakan tsinka gishirin jininsa, wannan ma ciwon kai yake kawowa, har ya kai ga suma.

Kada a faɗa wa gudu farat ɗaya. A fara da tafiya da sassarfa na minti 10, jiki ya ɗumama. Mai ɗaga nauyi ya saki numfashi lokacin da yake ɗagawa. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a sa hula ko malafa. Cikin watan azumi, in ya faɗo a bazara, ya fi kyau a bar wasan ƙarfi sai bayan an sha ruwa.

In ciwon ya riga ya zo, a daina abin da ake yi, a zauna a inuwa, a sha ruwa, a jiƙa tsumma a ɗora a goshi da ƙeya. Babban mutum yana iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu nauyin miligiram 500, amma kada ya wuce ƙwaya 8 cikin yini da kwana, gama yawansa yana lalata hanta. Ibufurofen ba ya dacewa da wanda jikinsa ya bushe, ko mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Akwai wata mummunar al'ada da ta yaɗu tsakanin 'yan dako da leburori, watau haɗiyar ƙwaya kowace safiya kafin a fita, wai don a sami ƙarfi. Wanda ya riƙa shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan zama sanadin ciwon, ya tashi da shi kullum. Tiramadol ya fi wannan muni, don yana kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya. Wanda ciwon ke damunsa duk lokacin da ya yi wasa ya ga likita, a auna jininsa ko ya hau. Akwai magunguna irin su indometasin da furofaranolol waɗanda likita kan rubuta a sha kafin wasa, bayan ya tabbata ba wata cuta a ɓoye.

Wanda ba a jira da shi

Ciwon da muka bayyana a sama a hankali yake tasowa. Amma in mutum yana cikin gudu ko ɗaga kaya, sai ya ji kamar an sara masa gatari a ka, ciwon ya kai matuƙa cikin minti guda, ya ce bai taɓa jin irinsa ba, wannan alama ce ta cewa wataƙila wata jijiya ta fashe, jini yana zuba kewaye da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa amai yakan biyo baya, wuya ya sanƙare, haske ya dame shi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wani lokaci ciwon yakan lafa bayan 'yan awoyi, a ce an sami sauƙi, alhali kuwa jijiyar tana iya sake fashewa cikin kwanakin nan, kuma ta biyun ta fi ta farkon kisa. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, kada a ba shi asfirin, don yana hana jini tsayawa. A kai shi babban asibiti inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a ranar, ko da dare ne.

Haka kuma za a yi in ciwon ya zo da gani biyu-biyu, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ruɗewar magana. Ɗan damben da ya sha naushi a ka, ya tashi kamar ba kome, daga baya ya fara amai da gyangyaɗi, kada a bar shi ya kwanta shi kaɗai, a kai shi. Mutumin da ya wuce shekara 40, bai taɓa irin wannan ciwo ba sai yanzu, ya je a duba shi, balle in yana zuwa da nauyin ƙirji lokacin hawan tudu, gama wani lokaci ciwon zuciya a kai yake bayyana.

A bazara kuma a tuna da abu biyu. In ciwon kai ya haɗu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a yi zaton sanƙarau, cutar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a shekarar 1996, kada a ce gajiyar wasa ce. In kuwa mutum ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, to, zafi ne ya buge shi. A kai shi inuwa nan da nan, a tuɓe masa riga, a riƙa kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a ci gaba da haka cikin mota har a isa asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe guda.