Wanda Aka Yi wa Aikin Zuciya, Yaushe Zai Ɗauki Jarka?

Tun 2007 asibitin Salam da ke Soba, kusa da Khartum, yake yin aikin zuciya kyauta. Da yawan majinyatan matasa ne irinmu, ciwon maƙogwaro da aka ƙyale ba magani ne ya lalata musu ƙofofin zuciya. To idan ɗayansu ya dawo gida Gadarif, yaya za a yi da shi?

Likita yakan tsaga ƙashin ƙirji, in ya gama ya ɗaure shi da waya. Ƙashin nan sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, kuma a lokacin ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Ku duba fa, jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, balle buhun riɗi. Don Allah kar a aike shi ɗebo ruwa, ko da shi ya ce zai iya. Haka injin tuƙin kwale-kwale na gidajen motsa jiki, wanda ake turawa da ƙafa ana jan igiya zuwa ƙirji: yana ƙarfafa zuciya, amma sai bayan kamar wata 3, da izinin likita.

Kwanciya wuni guda ma illa ce. Ya fara da tafiyar minti 5 bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In numfashi ya hana shi magana, ya rage sauri. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya tsaya, a kai shi asibiti.